Tabon da ke Damtsen Labaran

Malam Aƙilu maɗinkin riga ne a cikin birnin Zazzau, nan kusa da Ƙofar Kuyambana. Dogo ne, siriri, ba ya dariya. Shekara arba'in yana zaune a kan buzu guda a zaurensa yana ɗinka aska takwas, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce ya yi kuskure, ko a ɗinki ko a zance. In ɗinki ya karkace, zaren ne ba shi da kyau.

'Ya'ya biyu suka rage masa a gida. Akwai ɗan farinsa Labaran, mai shekara ashirin da huɗu. Hannunsa na hagu a lanƙwashe yake, yana jan ƙafa, magana ɗaya-ɗaya yake yi, wani lokaci kuma yakan faɗi yana jijjiga. Aikinsa naɗe wa uban zare. Da yake ɗan fari ne, Aƙilu ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "wannan". Mutane suna yaba masa alkunya. Shi kuwa alkunyar ta yi masa rana, don ta hana kowa jan sa da zancen yaron.

Sai autarsa Sailuba, malamar firamare a Tukur-Tukur. Wani akawu a unguwar Kongo, nan Zazzau, mai suna Kabir, ya gan ta, ita ma ta gan shi, suka daidaita. Iyayen Kabir suka ce ba laifi, amma sai an yi bincike, kamar yadda ake yi. Aka ɗora wa ƙanen uban Kabir, Alhaji Ƙasimu, mai sayar da fata. Mutum ne gajere, fuskarsa duk zanzana, wato ramukan da ciwon agana ke bari a jikin wanda ya sha da ƙyar.

Kwana uku Alhaji Ƙasimu yana zaga unguwar. Ya zauna da liman, ya zauna da mai kanti, ya sa matarsa ta shiga gidaje. A rana ta huɗu, ranar Litinin da hantsi, ya yi sallama a zauren Aƙilu.

Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ƙasimu ya gyara zama.

"Malam, na zo da magana marar daɗi."

"Ajiye ta mu gani," in ji Aƙilu, bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba.

"Yarinya ba ta da aibu. Kowa ya yabe ta. Gidan ake magana."

"Gidan me ya yi?"

Ƙasimu ya dubi Labaran da ke gefe yana naɗin zare, ya rage murya. "An ce akwai iska a gidan nan. An ce tana bin jini."

"Wa ya ce?"

"Unguwa. Wani ya ce aljanin kukar bakin ganuwa ne. Wani ya ce kakanka ne ya sare mata reshe, shi ya sa aka yi alkawarin ɗauke ɗan farin kowane ɗa nasa. Wata tsohuwa ta ce kana da goggo a Giwa da take hira da bango."

"Ba ni da goggo a Giwa."

"To, yanzu kana da ita," in ji Ƙasimu. "Na bi maganar a hankali, Malam. Kowa na tambaya a ina ya ji farkonta, sai ya ce daga bakinka. Ranar Juma'a bayan sallah zan kai wa yayana amsa. In haka abin yake, ba za mu kai ɗanmu inda za a ɗauke masa ɗan fari ba."

Ya tashi zai fita. Labaran ya ajiye zare, ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna masa wani tabo zagayayye a damtsensa na dama.

"Nan ne," in ji Labaran.

Kowane baƙo haka yake yi masa. Yaran unguwa suna cewa nan aljanin ya cije shi. Ƙasimu ya dubi tabon, ya dubi Aƙilu, ya sa takalmi ya tafi.

Ga yadda abin ya faro.

Shekara ashirin baya, ana cikin yaƙin basasa, 'yan lamba suka shigo birni da farar mota. Sun zo yi wa kowa rigakafin agana, babba da yaro. Ba irin tsohuwar lamba ta tsaga ba ce. Wata bindiga suka zo da ita, a taka da ƙafa, ta yi tas a damtse, shi ke nan. Mai unguwa ya tsufa, ƙafa ta ƙi, sai ya wakilta Aƙilu ya tara jama'a, don yana da murya kuma ba a ja da shi.

Aƙilu ya karɓi aikin kamar an naɗa shi sarauta. Ya zaƙulo yara daga rumbu, daga ƙarƙashin gado, har daga busasshen ramin marina. Abokin hamayyarsa a lokacin Yari ne, wanzamin unguwa, wanda ke bi gida-gida yana raɗa wa mata cewa da an harba, su yi maza su goge wurin da lemon tsami don kada lambar ta kama. Aƙilu ya tsaya a tsakiyar layi ya kira shi jahili, shi da duk mai bin sa. Shi da kansa bai wuce izu biyar ba, boko kuwa ko ƙofarsa bai leƙa ba, amma ranar jahili ya fi sau ashirin a bakinsa.

Don ya nuna musu, ya ɗauko Labaran, yana ɗan shekara huɗu, yaro mai surutu da gudu, ya sa shi farkon layi. Da suka koma gida ya tarar matarsa Batulu ta riga ta yanka lemo ta ɓoye a bakin zane. Ya ƙwace ya jefa bayan katanga, ya zauna gadin damtsen kwana uku. Lamba ta kama, ta yi kyau. Ya riƙa yawo da yaron yana nuna wa mutane.

Kwana goma sha biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe yaron. Ya riƙe kai yana kuka, ya fara jijjiga, daga nan bai ƙara gane kowa ba. Suka kwana ashirin a asibiti. Da za a sallame su, likita ya sa tafinta ya gaya wa Aƙilu cewa ƙwaƙwalwar yaron ce ta kumbura, kuma lambar ce sanadi. Ya ce abu ne da ba a cika gani ba, sai a yi wa dubun dubata ba a samu ɗaya ba, kuma ba mai iya sanin wanda zai faɗa wa. Ya ce ba laifin kowa ba ne. Ya rubuta a kati ya ba shi.

Aƙilu ya goyo yaron a keke suka shigo birni. Mutum na farko da ya tare su Yari ne, a bakin rumfarsa, da aska a hannu.

"Sannu, Malam. Ya mai jiki? Ko dai lambar ce?"

Aƙilu ya waiga, idonsa ya faɗa kan kukar bakin ganuwa.

"Iska ce," ya ce. "A gindin kuka ya yi wasa da tsakar rana."

Ya gaya wa zuciyarsa don jama'a ya yi. 'Yan lamba ba su gama ba, in ya faɗi gaskiya kowa zai gudu, agana ta dawo. Wannan gaskiya ce, kuma ta yi wata guda tana gaskiya, har farar motar ta bar gari. Sauran shekara goma sha tara da wata goma sha ɗaya, don kansa ya yi shiru. Ƙaryar kuwa da ya saki tsirara, unguwa ta yi mata riga da wando, ta yi mata kaka, ta yi mata goggo a Giwa.

Bayan tafiyar Ƙasimu, Aƙilu ya shiga cikin gida da azahar. Batulu tana tankaɗe a tsakar gida. Sailuba ta dawo daga makaranta, tana zaune a ƙofar ɗaki, idonta ya yi ja. Labari ya riga shi shiga.

"In sun fasa, su fasa," in ji Aƙilu. "Maza ba su ƙare ba."

"Duk wanda ya zo, unguwar nan zai tambaya," in ji Batulu.

"Kin san ba na son mata su sa baki a maganar maza."

"Ban sa baki ba, Malam. Adaka na buɗe."

Ta ɗaga faifai. Ga katin asibiti a ƙarƙashi, ya yi ruwan ƙasa, gara ta ci gefe guda. Aƙilu yana zaton ya ƙone shi tuntuni. Ashe takardar awon hatsi ya ƙone.

"Shekara ashirin na yi shiru don kai ne mijina," in ji ta. "Har turaren aljanu na saya na kunna don maƙwabta su gani, alhali ina tsaye likita ya yi magana. Wannan karon 'yata ce."

Ta miƙa wa Sailuba katin. Yarinyar ta karanta a hankali, ta sake karantawa, sannan ta ɗago.

"Baba, lamba ce?"

Aƙilu ya kau da kai.

"Baba, ina aji uku yara suka daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Sun ce in na taɓa su aljanin zai shige su. Na zo na gaya maka, ka ce in yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Ƙaddarar ce."

"Ciwon Yaya ƙaddara ne. Kukar fa?"

Aƙilu ya karɓe katin ya fita. Ba a taɓa yi masa tambaya a gidansa ya rasa tsawa ba sai ranar.

Kashegari ya yi dabara. Ya sa babbar riga, ya hau keke zuwa rumfar Alhaji Ƙasimu a kasuwa. Ya jira har masu ciniki suka ragu, ya zaro katin ya ajiye a kan tarin fata, kamar wanda ya zo da kyauta.

"Ka sa ɗanku ya karanta maka. Tsakaninmu. Ba sai kowa ya ji ba."

Ƙasimu bai ko taɓa katin ba.

"Ba sai an karanta ba. Tun jiya da na ga tabon na gane. Na san tabon lamba, Malam. Na fi kowa duban damtsen mutane, don ni ba ni da shi."

"To, magana ta ƙare."

"A wurina ta ƙare. Amma ba ni zan zauna da yarinyar ba. Uwar Kabir tana da 'yar'uwa a bayan gidanka. In na ce mata ga takarda, za ta ce takarda ta Turawa ce, su ba su san iska ba, uban yaron da kansa ya ce kuka ce. Duk ranar da jaririn Sailuba ya yi atishawa, za a ce an zo ɗaukarsa. Ba zan sa 'yar mutane a wannan ba." Ya tura masa katin da ɗan yatsa. "A rumfar Yari ka faɗe ta. Can za ka je ka janye ta, ina zaune."

"A gaban wanzami?"

"A gabansa."

"Ni Aƙilu?"

"Sai dai in akwai wani uban Sailuba," in ji Ƙasimu. "Alhamis bayan la'asar zan zo aski."

Laraba Aƙilu bai ɗinka komai ba. Ya zauna yana shirya maganar da zai yi wadda za ta fitar da 'yarsa ba tare da ta shigar da shi ba. Ya gwada cewa likita ne bai yi bayani sosai ba. Ya gwada cewa tafintan Bayarabe ne, Hausarsa ba ta fita. Ya gwada cewa lamba ce da iska suka haɗu. Kowacce ya ɗaga ya duba, sai ya ga fuskar Batulu a bayanta.

Alhamis bayan la'asar dakalin Yari ya cika, kamar kullum. Dattawan unguwa suna nan, mai kanti yana nan, wani yana sauraron rediyo. Yari ya tsufa, haƙora sun zube, amma bakin yana nan yadda yake. Ya jiƙa kan Alhaji Ƙasimu, ya aske rabi. Sai ga Aƙilu tafe, Labaran yana jan ƙafa a bayansa.

"A'a, yau manya ne a rumfar jahilai?" in ji Yari. "Ku matsa wa Malam. Aski ko ƙaho?"

Aƙilu bai zauna ba. Duk maganganun da ya shirya suka watse. Ya tsaya kamar turken doki, ya dubi saman kawunan mutane.

"Labaran," ya ce. "Zo nan."

Mai rediyo ya kashe rediyo. Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa. Labaran kansa sai da ya waiga ya ga ko da wani ake.

Aƙilu ya kama hannun rigar ɗansa ya naɗe da kansa.

"Ba iska ba ce. Bai taɓa zuwa gindin kuka ba. Lamba ce ta kumbura masa ƙwaƙwalwa. Likita ya gaya mini tun a asibiti, ga katin. Ba ta bin jini. Kakana bai sare reshen kowa ba. Ni na ƙirƙiro."

Sai Yari ya daka tsalle, da askarsa a sama.

"Allahu Akbar! Ban faɗa ba? Jama'a, ban faɗa ba? Shekara ashirin! Wa aka kira jahili a tsakiyar layi? Wa ya ce a goge da lemo? Malam, maimaita, kunnena na hagu ba ya ji."

"Ka ji."

"Wallahi ban ji ba. Wa ya ƙirƙiro?"

"Ni," in ji Aƙilu.

Dakali ya ɓarke da surutu. Wani yana salati, wani yana dariya a hannun riga. Yari yana zagaya Aƙilu kamar zakara, yana lissafa yaran da ya ce ya ceta da lemon tsami.

"Wanzam," in ji Ƙasimu, da rabin kai a aske. "Zo ka dubi fuskar nan da kake aske wa gefe."

Yari ya tsaya.

"Mu biyar uwarmu ta ɓoye a rumbu lokacin lambar farko, ta zamanin En'e. Ita ma wani mai wayo irinka ne ya ba ta shawara. Da agana ta zo, sati biyu ta yi a gidanmu. Ni kaɗai na tashi, da wannan. Yaushe rabonka da ganin mai agana a birnin nan?"

"An daɗe," in ji Yari.

"To ba lemonka ne ya kore ta ba. Waɗanda suka tsaya a layi ne, har da wannan bawan Allah da abin ya faɗa wa shi kaɗai. 'Ya'yanka a inuwarsa suka girma. Ƙarasa mini askina."

Aƙilu ya ji ƙirjinsa ya fara dawowa. Har ya gyara wuyan riga. Ƙasimu ya hango shi ta gefen ido.

"Kai kuma, Malam, kada ka miƙe tukuna. Lambar ba laifinka ba ce. Ko ni ne ranar, ɗana zan sa a gaba. Amma yaron nan ciwo ɗaya Allah ya ba shi, kai ka ƙara masa aljani."

Labaran ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga yau kowa shi yake kallo. Ya sa yatsa a kan tabon.

"Nan ne," ya ce. Ya yi ɗan jim yana neman sauran maganar. "Inna ta gaya mini. Ina ta faɗa."

Mai kanti ya sunkuyar da kai. Shi ne ya fara cewa cizon aljani ne.

Ranar Juma'a bayan sallah Alhaji Ƙasimu ya kai wa yayansa amsa, aka sa rana bayan ƙaramar sallah. Yawancin unguwa suka karɓi sabon labarin, don ya fi tsohon daɗin ba da wa, tunda akwai Aƙilu a ciki yana cewa "ni" sau biyu. Tsohuwar nan ce kaɗai ta ƙi sakin goggon Giwa. Ta ce ita da idonta ta gan ta.

Aƙilu kuwa ya samu suna. In ya wuce a keke, sai a ji daga dakalin Yari an ce, "Malam, a gaida kuka." Ba ya waigawa. Ya daina bi ta layin, yana zagayawa ta bayan masallaci, ya ce hanyar ta fi kyau ga taya.

Shi ya ɗinka rigar ango. Ya ce ba don komai ba, don kada a kawo ɗinkin wani a kunyata shi. Wata safiya yana cikin aikin wuyan rigar, ya ɗaga ta ga haske, ya ga layi ɗaya ya karkace tun daga sama har ƙasa. Ba kowa a zauren sai shi da ɗansa.

"Zaren ne," ya ce.

Labaran ya ɗauki zaren da ya naɗe da hannunsa, ya juya shi, ya duba.

"A'a, Baba."

Aƙilu ya dube shi. Ya buɗe baki zai yi tsawa, ya rufe. Ya jawo 'yar wuƙarsa ya fara farke layin, ɗinki ɗaya-ɗaya.